Minti Uku a Allo, Watanni a Takarda: Yadda Ɗaliban Ingila Ke Cin Jarrabawa da Bidiyon Waƙa

A makarantu da dama na Ingila, yaro ɗan shekara 17 kan shafe watanni yana fama da waƙa guda, ya saurare ta safe da yamma har ta gundure shi, kuma babu malamin da zai ce masa yana shiririta. Jarrabawa ce. Ɗaliban da ke karatun harkokin watsa labarai a matakin A-level, wato shekaru biyun ƙarshe na sakandare waɗanda da sakamakonsu ake neman jami'a, dole ne su ƙera wani abu da hannunsu baya ga jarrabawar da suke rubutawa. Wannan aikin hannu shi ke ɗauke da kashi 30 cikin ɗari na maki, kuma bidiyon waƙa na cikin abubuwan da yaran suka fi rububi.

Dalilin rububin a fili yake. Kowa na kallon bidiyon waƙa, kowa na da waya mai kyamara, abokai kuma ba sa wuyar samu. Sai an shiga ciki ake gane cewa kallon abu daban, sanin yadda aka ɗinka shi daban. Kyamara ita ce ƙaramar matsala a cikin aikin. Abin da ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi ana yanke shi ne tun kafin a cire mata murfi.

Abin da hukuma ke nema

Hukumomi uku ne ke shirya wannan jarrabawa a Ingila: AQA da OCR da Eduqas. Kafin 2017, a tsarin OCR ɗalibai kan haɗu har su huɗu su yi bidiyo ɗaya, su haɗa da murfin faifai da tallar mujalla. Maki ɗari ne: 20 na bincike da shiri, 60 na aikin kansa, 20 na bayanin da ɗalibi zai yi kan abin da ya yi. Da aka sake fasalin manhajar, aka fara koyar da sabuwa a watan Satumba na 2017, sai abubuwa biyu suka canza. Na farko, aikin taron dangi ya ƙare, kowa tasa ta fishshe shi. Ɗalibi na iya roƙon abokai su fito a bidiyon ko su riƙe masa fitila, amma shi ne darakta, shi ne edita, kuma shi kaɗai za a auna. Na biyu, a tsarin Eduqas takardun bincike da shiri ba su da maki na kansu. Malami zai duba su don ya tabbatar yaron ne ya yi aikinsa, shi ke nan.

A Eduqas aikin na da maki 60. Goma daga ciki na wata 'yar takarda ce mai kalmomi kusan 500, inda ɗalibi zai faɗi abin da ya yi niyyar yi, da waɗanda yake yi dominsu, da dalilin kowace dabara da ya zaɓa. Bidiyon kansa tsakanin minti uku ne da uku da rabi, kuma ba ya tafiya shi kaɗai: sai an haɗa shi da shafin intanet na mawaƙin ko shafukan mujalla, domin a ga ko yaron ya fahimci cewa bidiyon waƙa haja ce a kasuwa. Malamin makaranta ne ke ba da maki, sannan hukuma ta ɗauki samfuri ta duba ko an yi sassauci ko an tsaurara.

Wanda ya ji an ce shiri ba shi da maki zai iya ɗauka an sauƙaƙa masa. Akasin haka ne. A da, ɗalibi na iya tara takardu masu kyau ya rufe kurakuran bidiyonsa da su. Yanzu shirin ba ya da inda zai ɓuya sai a cikin hoton, kuma mai duba aiki yana ganin rashinsa tun a sakan talatin na farko.

Zaɓen waƙa

Matakin farko shi ne waƙa, kuma a nan ake fara tuntuɓe. Eduqas ta yarda a ɗauki waƙar da wani ya riga ya rera, da sharaɗin ba ta da bidiyonta na hukuma, sannan ɗalibi ya ƙirƙiri sabon mawaƙi da suna da kamanni ya jingina masa ita. Hikimar sharaɗin ita ce hana kwaikwayo: wanda ya kalli bidiyo sau ɗari ba zai iya goge shi daga kansa ba.

Ɗalibi mai wayo ba ya zaɓar waƙar da ya fi so. Yana zaɓar wadda zai iya yi wa hoto da abin da ke hannunsa. Waƙar da ke maganar motocin alfarma da jiragen ruwa za ta kunyata wanda keke kawai ya mallaka. Waƙa mai saurin baƙaƙe za ta kunyata abokin da aka sa ya bi ta da baki. Waƙar mace mai babbar murya ba za ta zauna a fuskar yarinya 'yar shekara 16 ba. Waƙa mai zagi ko batsa kuwa makaranta ba za ta bari a aika ba. Abin da ake nema shi ne waƙa mai hawa da sauka, wadda amshinta ya bambanta da baitocinta, domin wannan bambancin shi ke ba hoto hanyar da zai bi.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Amfani da waƙar wani a aikin jarrabawa abu ne guda, ɗora ta a YouTube don duniya ta gani abu ne daban. Tun 2007 kamfanin ke da na'urar Content ID da ke gane waƙoƙin mutane, ta toshe bidiyon ko ta karkatar da kuɗin talla ga mai waƙar. Shi ya sa wasu ɗaliban ke neman ƙananan mawaƙan unguwarsu waɗanda ba su shiga hannun kamfani ba. Mawaƙin ya sami bidiyo kyauta, ɗalibin ya sami izini a rubuce, kowa ya amfana.

Daga kunne zuwa takarda

Tashar MTV ta fara aiki a Amurka ranar 1 ga Agusta 1981, kuma cikin 'yan shekaru bidiyon waƙa ya zama sana'a mai ƙa'idojinta. A 1992 wani malamin jami'a, Andrew Goodwin, ya fitar da littafin Dancing in the Distraction Factory, wanda har gobe malamai da yawa ke koyar da ɗalibai da shi. Abin da aka fi ɗauka daga gare shi shi ne cewa hoto na iya yi wa kalmomin waƙa ɗaya daga abu uku: ya nuna abin da suka faɗa, ko ya faɗaɗa ma'anarsu, ko ya saɓa musu da gangan. Ya kuma lura cewa kamfanoni na son a yawaita nuna fuskar mawaƙi kusa-kusa, domin fuskar ita ake sayarwa.

Sabon shiga kusan kullum na farkon cikin abubuwan nan uku yake kamawa. Mawaƙi ya ambaci ruwan sama, a nuna ruwan sama. Ya ambaci waya, a nuna waya. Bayan baiti ɗaya mai kallo ya san abin da zai biyo baya, ya daina kallo. Maki na wajen na biyu da na uku. Waƙar rabuwa da aka ɗauka a ɗakin da ake kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya har ya zama fayau ta faɗi abin da kalmomin ba su faɗa ba, kuma ba ta ci ko sisi ba.

Misalan da ake nuna wa ɗalibai sukan tabbatar da cewa dabara ta fi kuɗi. Bidiyon Sinéad O'Connor na Nothing Compares 2 U, wanda John Maybury ya ba da umarni a 1990, mafi yawansa fuskarta ce kawai a gaban baƙin bango. Na Massive Attack, Unfinished Sympathy, na 1991, ɗauka ɗaya ce babu yanka, mawaƙiya Shara Nelson na tafiya a wani titin Los Angeles. Ƙungiyar OK Go a 2006 ta kafa kyamara wuri guda ta yi rawa a kan injinan motsa jiki, kuma bidiyon ya ci kyautar Grammy. Dukkansu ana iya bayyana su a jimla ɗaya. Ɗalibin da ya kasa bayyana nasa a jimla ɗaya bai gama tunani ba.

Daga nan sai lissafi. Ana buga kalmomin waƙar a takarda, a rubuta sakan ɗin da kowane layi ya fara da inda ya ƙare, a yi alama inda ganga ta shigo da inda murya ta tsaya. Idan kowane hoto zai tsaya sakan uku a allo, minti uku na buƙatar hoto 60. Idan waƙar mai zafi ce, adadin ya ninka. Yaron da ya zaci zai gama da hoto goma sha biyar a nan yake farkawa.

Kowane hoto sai a zana shi a ɗan akwati, ko da 'yan sanduna ne a matsayin mutane, a rubuta ko na kusa ne ko na nesa, kyamara a tsaye take ko tana tafiya. Masu himma sukan ɗauki hoton zanen su jera shi a kwamfuta a kan waƙar, su kalla kamar bidiyo. Wannan gwajin na yini guda yakan tona asirin wurin da labari ya mutu, da amshin da aka maimaita sau uku ba tare da sabon abu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuri, izini da mutane

Sharuɗɗan aikin sukan nemi wuri fiye da ɗaya, kuma wuri a Ingila ba a shigarsa da ka. Ɗaukar fim a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan sai da izinin hukumar sufurin birnin. Hawa layin dogo, wanda matasa ke sha'awa saboda kyawunsa a hoto, laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000. Bindigar roba a titi na iya jawo 'yan sanda masu bindigar gaske. Don haka makaranta kan sa ɗalibi ya cike takardar da ke lissafa haɗarin kowane wuri da yadda zai kauce masa, kuma duk wanda zai fito ya sa hannu cewa ya yarda, in yaro ne iyayensa su sa.

Rana ma ba ta da tabbas. A watan Disamba tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, kusan lokacin da ake tashi daga makaranta. Wanda ya yi jinkiri har hunturu ya shigo zai tarar hasken da ya tsara aikinsa a kai ya tafi, itatuwan da ya ɗauka da ganye a rabin farko sun zama ƙirare a rabi na biyu.

Mafi wuyar sha'ani su ne mutane. Abokin da ya ce zai zo ranar Asabar ba albashi ake ba shi ba, yana iya yin barci, yana iya aske gashin da aka ɗauki rabin bidiyo da shi. Maganin da gogaggu ke bayarwa shi ne rage yawan masu fitowa, a zaɓi wanda ya iya tsayuwa gaban kyamara ko da ba aboki ba ne, musamman daga ajin wasan kwaikwayo, sannan a raba wa kowa takarda mai ɗauke da wuri da lokaci da tufafin da zai sa. A ɗauki hoton tufafin a ranar farko, domin rigar da ta canza launi tsakanin baiti da amshi ba ta gyaruwa a kwamfuta.

Ranar ɗauka

Sauƙi ɗaya da bidiyon waƙa ke da shi a kan fim shi ne ba a damu da sautin wurin ba, tunda waƙar sutudiyo za a ɗora. Darakta na iya yin magana kyamara na aiki. Amma wannan sauƙin yana zuwa da nauyinsa: dole baki ya dace da murya, kuma idon mai kallo na kama saɓanin da bai kai ƙiftawa ba.

Ƙa'idar ita ce a saki waƙar da ƙarfi a lasifika, mai fitowa kuma ya rera ta da gaske, da murya. Wanda ke motsa leɓe kawai ana gane shi, domin wuyansa da ƙirjinsa ba sa aiki, numfashinsa bai bi na waƙar ba. Sai ya haddace ta tun a gida. Sannan a ɗauki waƙar tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa, daga nesa, a sake daga tsakiya, a sake kusa da fuska, a sake daga gefe, a kowane wuri. Ɗalibin da ya ɗauki layi-layi bisa zanensa kawai zai zo editin ya tarar da ramukan da ba shi da abin cike su.

Akwai dabarar da ke burge masu kallo, kuma lissafi ce zalla. A Ingila, kamar a Najeriya, bidiyo na tafiya da hoto 25 a sakan. Idan aka ɗauka da hoto 50 a sakan, aka ninka saurin waƙar sau biyu a lasifika, mai fitowa ya bi ta da wannan saurin, to in an rage gudun hoton zuwa rabi a kwamfuta, jiki da tufafi za su riƙa tafiya a hankali amma baki na nan daidai da waƙar. Ɗalibin da ya yi wannan ya nuna wa mai duba aiki cewa ya san abin da yake yi tun kafin ya fita daga gida.

Gaban kwamfuta

Ko da Premiere Pro aka yi editin, ko Final Cut Pro, ko DaVinci Resolve mai samfurin kyauta, tsarin ɗaya ne. A shimfiɗa waƙar a kulle ta. A jera duk ɗaukar da aka yi ta rerawa, ɗaya bisa ɗaya, a daidaita kowace da muryar. Daga nan aikin ya zama zaɓe: a wannan sakan wace ɗauka za a bari a gani? Sai a ƙarshe a saka guntayen labari a inda suka dace.

Yanka na bin kiɗa. Waƙa mai bugu 120 a minti na da bugu biyu a sakan, don haka kowane zagaye na bugu huɗu sakan biyu ne, wato hoto 50. Edita na sa alama a kan bugun ya yanka a kai. Amma wanda ya yanka a kan kowane bugu huɗu tun daga farko har ƙarshe ya mayar da bidiyonsa agogo. Gwaninta ita ce a bar hoto ya daɗe a baiti, a gaggauta a amshi, a ɓoye mafi kyawun ɗauka sai amshin ƙarshe. Carol Vernallis, a littafinta Experiencing Music Video na 2004, ta nuna cewa editin ɗin bidiyon waƙa ba ya ɓoye kansa kamar na fim, yana so a gan shi, domin shi ma wani kayan kiɗa ne.

Jarabar wannan mataki ita ce ƙyale-ƙyalen da manhaja ke bayarwa kyauta: hoto ya juya, ya tarwatse, ya canza launi. Mai duba aiki ya san cewa yawansu alama ce ta ƙarancin abin nunawa. Ya fi son ya ga launi ɗaya da aka zaɓa da dalili aka riƙe shi har ƙarshe.

Wa aka nuna, kuma yaya?

Manhajar ta tsaya kan ginshiƙai huɗu: harshen hoto da sauti, yadda ake siffanta mutane, yadda masana'antar ke aiki, da masu kallo. Na biyun shi ke raba aikin makaranta da bidiyon da matashi ya yi don nishaɗi. Ɗaliban na karanta masana irin su Stuart Hall da bell hooks da Paul Gilroy, suna nazarin bidiyo irin Formation na Beyoncé, sannan a ce su yi nasu. Don haka idan yaro ya sa yarinya tana rawa kyamara na bin jikinta, mawaƙi namiji na tsaye yana kallo, za a tambaye shi ko ya san abin da ya maimaita. Ba a hana shi bin al'adar irin waƙar da ya zaɓa ba, amma sai ya nuna da saninsa ya bi, ko da saninsa ya karya. Inda aka ajiye kyamara, a sama da mutum ko a ƙasa da shi, magana ce a kan mutumin, kuma darakta ne ke da alhakinta.

Abin da ya shafe mu

Ɗalibin Kano ko Zariya ko Jos ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun shekarun 1990 finafinan Hausa ke tafiya da waƙa, kuma Sangaya na 1999 ya ƙara kafa wannan al'ada. Mawaƙi ya rera a sutudiyo, jarumi ya bi da baki a lokeshin: aikin da ɗalibin Ingila ke koyo a aji, a Kannywood abincin yau da kullum ne. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker sun tara masu kallo a YouTube da bidiyon da ba ya cikin kowane fim. A kudu kuma Kemi Adetiba ta yi suna da bidiyon waƙa kafin ta ba da umarnin The Wedding Party a 2016, kamar yadda David Fincher da Spike Jonze suka bi ta wannan ƙofa a Amurka.

Makarantun ma akwai su. Jami'ar Bayero na da tsangayar sadarwa, Jos na da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, kuma a 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da raba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, ciki har da na fim. Matsalolinmu ne suka bambanta. Inda ɗan Landan ke gudun faɗuwar rana, namu na gudun tsakarta, lokacin da haske ke ƙona fuska ya bar ido cikin duhu, sai ya nemi sanyin safiya ko bayan la'asar. Yana lissafin ɗaukewar wuta da cajin batir, yana gaida mai unguwa kafin ya kafa kyamara a lungu, kuma in a Kano zai saki aikin ga jama'a, ya san akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa tun 2001.

Abin da ya cancanci aro daga tsarin Ingila ba kayan aiki ba ne, domin wayar da ke aljihun ɗalibinmu ta isa. 'Yar takardar nan ce mai kalmomi 500. Malamin da ya ce ba zai sa hannu a fita ɗauka ba sai ɗalibi ya rubuta wa zai kalli bidiyon, me yake so ya ji, da dalilin da ya sa kyamara za ta tsaya nan ba can ba, ya koyar da abin da shekaru a lokeshin ba lallai su koyar ba. Masana'antarmu na da masu riƙe kyamara da yawa, kuma sun iya. Wanda take ƙishirwa shi ne daraktan da za a tambaye shi dalilin kowane hoto ya ba da amsa, kuma aji ne wuri mafi arha da za a fara yi masa tambayar.